Duƙushin Balbara

Ohonos yana kan mataki na shida na tsanin lokacin da ɗigon ruwa ya faɗo masa a ƙeya. Ya shafa wurin, ya goge hannu a wando, ya ci gaba da sauka kamar ba abin da ya faru, domin 'yarsa Tuyara tana biye da shi da tocila.

"Baba, na gani fa."

"Zufa ce."

"Zufar ce take zubo maka daga sama?"

Mahaifinsa ne ya haƙa wannan rumbu, mita biyar cikin daskararriyar ƙasar da tun kakanni ba a taɓa jin ta narke ba. Naman da aka sa a Nuwamba, a Agusta ake ciro shi kamar jiya aka yanka. A nan ya ajiye duƙushin goɗiyar matarsa Balbara, wanda ya yanka da shigowar sanyi don sadakar cikarta shekara da rasuwa. Gobe ce sadakar. Ya gayyaci mutum arba'in, wato sittin za su zo, kuma abin da za a fara ajiye musu shi ne ɗanyar hanta daskararriya da gishiri, kamar yadda ake yi a kowane gida mai mutunci.

Tuyara ta haska bango. A da ƙanƙara takan lulluɓe shi, fitila ɗaya ta isa ta haske rumbun duka. Yanzu bangon ya yi toka-toka, wata fumfuna mai gashi ta bi tsagar da ta sauko daga rufin. Ta ciro ma'aunin sanyi daga aljihu ta rataye a ƙusa. A birnin Yakutsk take aiki, inda ake biyan mutum albashi don ya leƙa laka ta madubin ƙara girman abu, kuma ko ta'aziyya za ta je sai ta tafi da 'yan kwalabenta.

"Ina yarinya, takwas ne ƙasa da sifiri a nan," in ji ta bayan ɗan lokaci. "Yau ɗaya ne. Wataƙila a watan jiya ma ya haura sifiri."

"Ma'aunin birni ne. Bai saba da mu ba."

Ta danna babban yatsa a cinyar dokin. Yatsan ya shiga, ya bar gurbi.

"Baba, ƙasar nan cike take da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Sanyi ba ya kashe su, barci kawai yake sa su. Wasu sun yi shekara dubu a kwance. Da ƙasa ta yi laushi suke tashi, kuma da yunwa suke tashi. Ruwan nan da ke ɗiga, shi yake sauko maka da su kan nama."

"Sun yi shekara dubu suna barci, sai a kan naman uwarki za su farka."

"Ba su san na waye ba."

Daga bakin rumbun wata murya ta sauko. Baibal ne, ƙanen marigayiyar, wanda shekara arba'in ke nan bai bar mijin yayarsa ya sha shayi cikin kwanciyar hankali ba.

"Tsoho, ka mutu ne a ciki? In ka mutu ka faɗa, mu haɗa sadakar ta zama ɗaya."

"Kawu, sauko ka shinshina," in ji Tuyara.

"Daga nan ma ina ji, 'yata. Na ɗauka takalminsa ne."

Ohonos ya zare wuƙa daga ƙugu, ya jawo ƙwaryar katakon da hantar take ciki. Zai yanka ya ci a gabanta, magana ta ƙare. Shekara sittin da takwas yana cin ɗanyar hanta, bai taɓa kwana a asibiti ba sai a kan kujera, gefen gadon Balbara.

"Ka ci," in ji Tuyara, muryarta a gajiye. "Kai ba abin da zai iya da kai. Amma gobe jikokin Kawu ne za su fara miƙa hannu, ka san halinsu. Ƙaramar shekararta huɗu."

Ya ɗora wuƙar. Hanta mai kyau takan yi ƙara kamar itace, ta fashe gutsure-gutsure. Wannan kuwa lanƙwashewa ta yi, ta manne a jikin wuƙar, ta bar wani jan ruwa mai yauƙi. Ya daɗe yana kallon abin. Zai iya musu da ma'auni har gobe, zai iya musu da 'yarsa, amma hannunsa ya yanka hanta fiye da sau ɗari.

Ya goge wuƙar a hannun riga.

"Baibal, jefo igiya."

Sai da rana ta yi tsaka suka gama fito da shi. Cinya biyu, kafaɗa biyu, haƙarƙari, kitsen wuya da Balbara takan ɓoye wa baƙi na musamman. Ƙudaje suka zo tun ba a gayyace su ba. Tuyara ta ce a binne shi nesa da rijiya, da zurfi, yadda karnuka ba za su tone ba. Ta kankari fumfunar bango ta zuba a kwalba uku, tana rubutu a jikinsu.

"Akwai kifi a firizata, da rabin maraƙi," in ji Baibal. "Firizar nan da ka ce ta malalata ce."

"Sadakar Balbara da naman akwati."

"Yaya ba ta da tsarabe-tsarabe. Ai ta aure ka."

Shi da Baibal suka ɗauki shebur biyu zuwa bayan shinge. Sauro ya yi musu lema a ka. Ohonos ya kafa shebur ya taka, ya shige kamar cikin man shanu. Suka wuce gwiwa, suka wuce ƙugu, suka kai ƙirji, ƙasar baƙa ce, jiƙaƙƙiya, tana warin ruɓaɓɓen ganye. Ya yi ta jiran ƙarar ƙarfe a kan ƙanƙara, bai ji ba.

"Haƙa dai ta yi sauƙi yanzu," in ji Baibal yana haki. "Ka tuna bara? Mota guda ta itace muka tara don mu narka ƙasar kabarin Yaya, amma ko ashana ba mu ƙyasta ba. Tsofaffi suna ta cewa ƙasa ta karɓe ta hannu biyu."

Ohonos ya tsaya. Shi ma a lokacin ya ji daɗin maganar. A wannan ƙauye kowa ya san mamaci ba ya lalacewa, don ƙanƙarar ƙasa tana riƙe shi. Lokacin da kogi ya ci gefen tsohuwar maƙabarta, an ga kakar wani da kitsonta da zobenta. Duk ranar Lahadi yakan je ya zauna a gefen kabarin Balbara, ya ba ta labarin goɗiya da farashin ciyawa, yana ganinta a ƙasa yadda ya bar ta, da shuɗin kallabinta, da ɗan tabon nan na haɓa.

"Mita nawa muka haƙa mata?"

"Biyu. Me ya sa?"

Rumbun da ke ɗiga mita biyar ne. Ohonos ya ɗaga kai daga cikin ramin ya dubi 'yarsa. Tuyara, wadda tun safe take da amsar kowace tambaya, ta sunkuya tana gyara murfin kwalbar da ta riga ta rufe.

Tsohon ya kashe sauro a wuyansa, ya dubi jinin a tafin hannu.

"To," in ji shi. "Dama tun da na aure ta take ƙorafin sanyi."

Ya miƙa hannu sama.

"Miƙo cinyar."