Sakiyar Baba Yelwa

Tun da aka sauko daga Idin ƙaramar Salla, Hadi bai ƙara barin gwiwarsa a waje ba. Ko a filin atisaye, cikin zafin Jidda mai dafa mutum da ransa, sai ya sa dogon matsattsen wando a ƙarƙashin gajeren. 'Yan wasa suka samu abin tsokana, wai ya zama ustazu, ya tuna gwiwa al'aura ce. Ya ƙyale su. Dama shi ba mai yawan baki ba ne.

A unguwar Sa'alaba aka haife shi. Kakansa ne ya sauka a tashar jiragen ruwa da niyyar hajji, bai koma ba. Amma haihuwa a ƙasar nan ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Iƙama ce ke riƙe da shi, takardar zama, kuma kulob ɗin ƙwallon da yake tsare wa baya shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a wajen hukuma. Ranar da kulob ya sake shi, takardar ta zama marainiya, tasa da ta Ummansa da ke rataye a sunansa. Najeriya kuwa, wadda fasfo ya ce ita ce gida, a waya kawai ya san ta.

Ranar da aka dawo daga hutu, Ustaz Othman, manajan kulob, ya tara su a ɗakin canza kaya. Ya ce masu kulob sun yi wa albashi rufi, ba wanda zai ɗaga kai ya wuce shi. Koci kuma ya kafe sai an sayo masa ɗan gaba daga waje, mai tsada. Don haka dole a rage wani. Gurbin mawalid, wato haifaffun ƙasar da ba 'yan ƙasa ba, bara biyu ne, bana ɗaya za a bari.

Ba wanda ya juya, amma kowa ya san su waye. Hadi da Muntaka.

Kowa kuma ya san wanda zai tafi. Kwantiragin Muntaka ya ƙare, sakinsa ba ya cin komai. Na Hadi da sauran shekara, in an kore shi sai an biya shi duka, kuma wannan biyan ma a ƙarƙashin rufin zai zauna ya cinye wajen baƙon. Muntaka da kansa ya gane. Da aka watse ya fara kwashe takalmansa yana zubawa a jaka.

"Mabruk, na taya ka murna, Yaya Hadi," ya ce, bai ɗago ba. "Halas, shi ke nan, ni na san tawa."

Gwiwar Hadi ta dama ta yi masa ƙaiƙayi a ƙarƙashin wando.

Abin ya samo asali ne cikin azumi. Duk shekara unguwanni na yin gasar Ramadan a filin ƙasa, kuma bana Sa'alaba ta kai wasan ƙarshe da Mahjar. A al'adar unguwa, ɗan da ya yi suna ba ya ƙin wasan ƙarshe. A filin nan Hadi ya koyi ƙwallo, dattawan unguwar ne suka saya masa takalmin farko. Kulob kuwa ya haramta, a rubuce. Da aka je wajen Muntaka, ya ce shi ba zai taɓa ba, an hana. Har yau akwai shagon da in ya yi sallama ba a amsawa da kyau, ana cewa yaro ya ci abincin Larabawa ya manta tuwo.

Shi Hadi ba a zo wajensa ba ma. Wajen Umma dattawan suka je, suka zauna, suka sha shayi. Da suka tafi ta ce, "Mutanen da suka ɗauki gawar ubanka ne. Ka san abin da ya dace."

Ya buga. Sa'alaba ta ci. Aka ɗaga shi sama ana kiran sunansa, shi kuwa yana jin gwiwar tana cika kamar tulu, don wani ɗan Mahjar ya hau ta da ƙafa biyu. Washegari ta kumbura, ba ta lanƙwasuwa. Likitan kulob ba wajen zuwa ba ne, tambayar farko ita ce a ina ka samu. Sai Umma ta kai shi wajen Baba Yelwa, tsohon wanzamin da ke bayan wani gareji a Mahjar, wanda rabin unguwa suka bi ta hannunsa. Tsohon ya latsa, ya ce ruwa ne ya kwanta, sai sakiya. Ya sa ƙarfe a garwashi har ya yi ja, aka danne Hadi, aka ba shi tsumma ya ciza. Ƙaurin naman jikinsa bai bar hancinsa ba har Salla. Kumburin dai ya sace. Abin da ya rage tabo ne, baƙaƙe, a jere gefen ƙoƙon gwiwa.

Kafin a rufe rajistar 'yan wasa ana duba lafiyar kowa. Da layi ya zo kansa ya ga wanda ke ɗakin, sai ya ɗan ji sanyi. Munzali ne, mai gyaran jikin 'yan wasa, Bakano da ya zo aikin kwantiragi. Su kan ci abinci tare, yana yi wa Hadi dariyar Hausarsa mai ƙamshin Larabci.

"Ɗan Makka, hau gado. Tuɓe wannan wandon na amare."

"Yaya Munzali, a duba haka mana."

"Ta cikin wando? Ni boka ne? Yalla, yi sauri."

Ya tuɓe. Munzali ya kama ƙafar, ya juya ta wajen haske, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi maka sakiya?"

"Tsohon tabo ne."

"Ƙanena, kakana wanzami ne. Wannan ko wata biyu bai yi ba." Ya sassauta murya. "Gasar azumi?"

Hadi ya kalli silin.

"Inna lillahi. Me ya hana ka zo mini a ɓoye? Ƙanƙara da hutu, shi ke nan fa!"

"Ka rufa mini asiri, don Allah. Umma tana kaina."

Munzali ya waiga ƙofa. Hannunsa har ya kai kan bandeji, ya warware shi. Sai ya tsaya.

"In na naɗe, likita zai ce a kwance. Daga nan ɗakin hoto za ka, da ƙafa tsirara. In ya gani ya san na gani..." Ya ajiye bandejin a hankali. "Ni ma kafilin nan ne da ni, Hadi. Yarana uku a Kano."

Sai ga likitan ya shigo. Ya duba, ya kira Munzali gefe, suka yi ƙus-ƙus da Turanci. Aka kai Hadi ɗakin hoto, aka tura ƙafar cikin na'ura mai ƙara.

Da la'asar Ustaz Othman ya kira shi ofis. Ya zuba masa gahawa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Da Larabci ya yi magana, a tausashe.

"Albishirinka, ya Hadi. Gwiwarka lafiya lau. Likita ya ce targaɗe ne kawai, da ka bar shi ma da kansa zai warke."

Hadi ya riƙe ɗan kofin, bai sha ba.

"Amma ka buga wasan unguwa, ka ji rauni, ka ɓoye, ka kai ƙafar kulob an ƙona ta da ƙarfe. Bidiyon gasar yana wayar kowa, na daɗe da ganinsa, na kau da kai. Bidiyo ana iya cewa wani ne. Wannan kuwa a jikinka yake, likita ya gani." Ya buɗe tafin hannuwansa. "Kai ka karya kwantiragi. Ba sai mun biya ba. Wallahi ina neman inda zan samu wajen ɗan gaban nan, na rasa, sai ga shi ka kawo mini da ƙafarka."

"A rage albashina, Ustaz. Rabi. Ko ƙasa da haka."

"Rabin naka ya fi na Muntaka duka, habibi. Ga shi yaro, ga shi yana jin magana." Ya miƙe. "Ba za mu matsa maka ba. Ka nemi wanda zai karɓi kafalarka kafin iƙamar ta mutu."

Rajista saura ƙiris a rufe, kowane kulob ya cike gurbinsa. Su biyun sun sani.

A ɗakin canza kaya ya tarar da Muntaka yana mai da takalma cikin kabad. An riga an gaya masa. Ya miƙe tsaye, takalmi ɗaya a hannu.

"Yaya, wallahi ban ce komai ba."

"Na sani."

"Ga jakata, in ba ka zo da..." Sai ya gane abin da ya faɗa.

Hadi ya karɓi jakar. Bai zo da tasa ba.

Motar haya ta bi da shi ta gefen tashar jiragen ruwa, inda 'yan dako ke zaune a inuwar kwantena suna jiran a kira su. Ya san da yawansu, wasu ma tare suka taso. Ya kalle su har suka ɓace. A bakin layinsu hotonsa na nan manne a shagon mai shayi, riƙe da kofin gasa, rana ta fara cinye launin.

Umma na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ga jakar, ba ta kawo komai a ranta ba.

"Ka dawo? An duba ku?"

"An duba."

"Zo in gani." Ya zauna, ya naɗe wandon. Ta shafa tabon da babban yatsa, ta lanƙwasa ƙafar ta miƙe ta, fuskarta ta washe. "Tubarkalla. Me likitan nasu ya ce?"

"Ya ce lafiya lau take."

"To! Ba na faɗa maka ba? Hannun Baba Yelwa ba ya ƙarya. Gobe in za ka fita aiki ka biya ka gaishe shi."

"To, Umma."

Ta koma kan shinkafarta. Ya saki wandon ya rufe gwiwar.