Ƙonannen Rotli

Dhirajlal Kotecha ya haura saba'in bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba. Wannan ba abin kunya ba ne a layinmu na Kisumu, duk sa'anninsa haka suke, wasu ma tinƙaho suke yi da shi. Shi dai nasa shagon ƙusa da fenti ne a ƙasan bene. In rana ta take ya hau sama, ya wanke hannu, ya zauna, tire ya zo gabansa: miyar dal, ta ɓarzajjen wake, mai zafi, ɗan ganye ko dankali, sai rotli, 'yar gurasar nan mai laushi, matarsa Kanchan na sauko da su daga kasko ɗaya bayan ɗaya tana shafa musu man shanu. In ya ƙoshi ya yi gyatsa ya sauka abinsa. Yabo ba ya cikin bakinsa, amma ranar da gishiri ya yi kaɗan za ta ji.

Kwatsam wata safiya aka tsinci Kanchan kwance a kicin, ludayi a gefenta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da aka sallamo ta daga asibiti sai ta tsiro da wani hali: ruwa za ta sha, shayi za ta kurɓa, amma abinci ko ƙwayar shinkafa ta ƙi. An kawo dafaffe daga wurin ibada, ta kau da kai. An ɗauko mai aiki ta girka, ta datse baki. Likita ya ce maƙogwaronta lafiya lau, ita ce ba ta so, kuma in aka ci gaba a haka sai an zura mata roba ta hanci. Ɗansu Nilesh ya bugo waya daga Ingila, ya ce ya riga ya yi magana da wani gidan kula da tsofaffi a Nairobi inda suka san aikin robar. In mahaifiyarsa ba ta fara ci ba zuwa ƙarshen mako, mota za ta zo ta ɗauke ta.

Dhirajlal ya ji tsoro, tsoro na gaske. Tun da aka kawo Kanchan amarya daga Mombasa ba ta taɓa kwana a gidan wani ba, ya kuma san in ta hau motar nan gawarta za a dawo masa da ita. Ya zauna ya yi tunani irin nasa. Matar nan ba ta taɓa barin bare ya taɓa mata tukunya ba, to girkin hannun bare ne take ƙi. Hannun gida kuwa saura nasa kaɗai. Ransa ya ɓaci ƙwarai da wannan amsa, amma bai samu wata ba.

A ƙetaren tsakar gida akwai Pushpaben, tsohuwar da mijinta ya daɗe da rasuwa. Ciwon gwiwa ya hana ta hawa bene, bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau. Da ya tsaya a ƙofarta yana ta kame-kame, ta bar shi ya gama wahala tukuna.

Da sunan da take kiransa ta ce, "Wato girki za ka koya, Dhirubhai? To wa zai tsare mana ƙusoshin?"

Ya haɗiye fushinsa. Haka aka fara: ta faɗa masa a ƙasa, ya hau ya yi, ya sauko da shi a ɗan kwano ta ɗanɗana. Ba ƙaramar wahala ya sha ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gaban sikeli, duk abin da ya tambayi yawansa sai a ce masa daidai. Gishiri? Daidai. Mazarƙwaila da tsamiyar da ake sa wa dal? Daidai. Ya ce daidai da me? Ta ce hannunsa zai gaya masa. Hannun nasa bai gaya masa komai ba, sai ƙuna da ya kwasa.

Dal ɗinsa na farko ruwa ne tsululu, waken na can ƙasa yana garas-garas. Na biyu ya kama tukunya har warinsa ya kai titi. Abin da ya fi tsana shi ne vaghar, wato a ɗora mai ya yi zafi, a watsa kayan ƙamshi, 'ya'yan mastad da ganyen kori, su yi ta fashewa, sannan a juye a kan miyar ta ce cuuu. Shi da ya ji sun fara tsalle sai ya ja da baya kamar an harbo shi, kafin ya dawo sun yi baƙi ƙirin, ɗaci ya gama tukunya. Rotli kuwa ba a magana. Kwaɓin ya manne a hannu, ya manne a katako, in ya murza ya fito da kunnuwa. Pushpaben ta ɗaga guda da yatsa biyu ta tambaye shi ko facin taya ne, ta ce ya kai shago wataƙila masu keke su saya.

Ya yi zage-zage shi kaɗai a kicin, ya yi jifa da ludayi, ya ce shi Kotecha ne ba kuku ba. Sai ya leƙa ɗaki ya ga wuyan hannun Kanchan, awarwaron da a da yake kama ta yanzu yana zamewa har gwiwar hannu, ya koma ya ɗauki ludayin. Duk abin da ya dafa zai zubo a kwano ya tsaya a kanta da cokali, ya lallaɓa, ya roƙa, wani lokacin ya daka mata tsawa kamar da. Ita dai ta zuba masa ido, ta kalli kwanon, ta sake kallonsa, hawaye na bi ta gefen da ya shanye. Ya ɗauka girkin nasa ne bai yi ba. Shi kansa ba ya iya cin abin, zubarwa yake yi ya sauka shago ya tura burodi da shayi a tsaye.

Ana gobe motar za ta zo, Pushpaben ta ɗanɗana dal ɗin, ta sake ɗanɗanawa, ta ce ya ciwu. Wannan daga bakinta babban yabo ne. Rotli guda ma ya kumbura masa a kan wuta, ya cika fam da iska, sai da ya ji daɗi a ransa kamar yaro. Ya hau da murna ya tsaya a kan Kanchan da cokali. Ta datse baki.

Ya sauko ya zauna a dokin ƙofar Pushpaben, abin da bai taɓa yi ba. Ta ce to ya bar dal ɗin nan, ya dafa mata abin da ta fi so. Ya ce ai shi ne wannan, kullum shi take dafawa.

"Wannan kai ne kake so. Ita fa?"

Ya sosa ƙeya, ta ci gaba.

"Da yaji take ci ko babu? Tana taɓa yalo? Dhirubhai, ka taɓa ganin matar nan tana cin abinci kuwa?"

Ya yi ta lalube a kansa, shekaru birjik, ya kasa samo ko rana guda. Kullum bayanta yake gani a gaban kasko.

"In ka kai mata, kai ka riga ka ci?"

Ya ce shi ina ya ga sukunin cin abinci.

Pushpaben ta dafe kai. Ta ce su matan zamaninsu haka aka raine su, mace ba ta sa loma a baki sai maigida ya ci ya tashi, sannan ta jawo tirensa ta ci a ciki. Ita kanta sai da mijinta ya daɗe a ƙasa kafin ta iya zuba wa kanta abinci da zafinsa. Ta ce, "Matar nan ba girkinka take ƙi ba, jiranka take yi. Tashi ka je ka ci, wawan tsoho."

Ya hau. Ya ɗauko babban tirensa ya zuba dal, ya jera rotlin duka, masu kyau da marasa kyau, ya jawo tebur har jikin gadonta ya wanke hannu ya zauna. Kanchan ta bi shi da ido. Ya ci. Abincin ya huce, amma ya tura. Da ya kusa gamawa ya ware rotlin nan da ya kumbura, ya shafe shi da man shanu sosai, ya bar shi a tsakiya ya tura mata tiren.

Hannunta na hagu ya fito daga bargo. Ta sa yatsa ta turo masa mai kyan gabansa. Ya mayar mata. Ta janye hannu ta datse baki, ya ga in ya matsa komai zai lalace. Dole ya ɗauka ya cinye tana kallo, bai taɓa cin abin da ya yi masa ɗaci haka ba. Sai da ya haɗiye lomar ƙarshe ta laluba gefen tire ta jawo wani ƙonanne, baƙi, mai tauri, ta tsoma shi a sauran dal mai sanyi ta bar shi ya jiƙu. Ta ci a hankali, rabi na zubowa ta gefen baki, har ta suɗe yatsa. Yadda hannun ya tafi kai tsaye wurin ƙonannen nan, ba yau ya fara ba.

Da yamma Nilesh ya bugo, Dhirajlal ya ce masa a fasa motar, ta ci.

"Da gaske, Bapuji? Me ta ci?"

Ya ce abinci, ya kashe wayar.

Washegari da sassafe ya sauka wurin Pushpaben, idanunsa jawur. Ya ce ta koya masa yadda zai gasa rotli kada ko ɗaya ya ƙone, ko ɗaya. Ta dube shi, wannan karon ba ta yi tsiya ba.

"A kowane kwaɓi sai an samu guda ya ƙone, Dhirubhai. Kai ne dai ba a taɓa sa maka shi a tire ba."

Ya juya ya hau bene ya ɗora kasko.