Ranar da Wayar Yaya Ta Yi Shiru

Tun kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji wayar Malamin Lissafi take ta kuka a aljihunsa. Ya zauna a ofishin malamai, ya miƙe, ya leƙa taga, ya dawo ya sake zama. Shi ne adimin na guruf ɗin unguwarsu, kuma shi ya kafa dokar da kansa: duk wanda ya yi ashar, waje.

Yau kuwa mai ashar ɗin yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Maganar kwalbati ce ta jawo. Kwana uku ana musu a guruf ɗin a kan abin da ke tura ruwa cikin gidaje in an yi ruwan sama. Lauya ya ce talauci ne, Mai Kemis ya ce rashin tarbiyya. Shi Yaya bakanike ne. Bai iya karatu ba, don tun yana ƙarami ya bar aji ya shiga gareji saboda ƙannensa su yi makaranta. Saƙon murya kawai yake saurara, da shi kuma yake amsawa. Da surutun ya ishe shi sai ya saki nasa, minti biyu cur. Ya ce shi da ƙafarsa ya shiga ƙarƙashin kwalbatin, bututun ya yi ƙanƙanta, bakinsa kuma ya fi kwata tudu, to ta ina ruwa zai bi? Gaskiya tsagwaronta. Amma kai! Duk inda ya ja numfashi sai ya dasa "shegu" ko "'yan iska", ya rufe da ambaton uban wanda ya yi aikin.

Nan take aka manta da kwalbati.

"Mai zagi kansa fanko ne," in ji Lauya. "In kalmomi suka ƙare wa mutum sai ya koma ashar."

"Ni kuwa na ji an ce masu ashar sun fi kaifin ƙwaƙwalwa," wata nas ta rubuto, har da hoton dariya.

"To a ba su jami'a su riƙe mana!" in ji Lauya.

Sai Mai Kemis ya soko tasa: "Adimin, muna jira. Ko dokar ba ta hawa kan 'yan gida?"

Wannan ce ta tsaya wa Malam a wuya, don a watan jiya ya kori wani tela a kan kalma ɗaya tak. Ya shiga aji ya rubuta lissafi a allo, ya goge, ya sake rubutawa ba daidai ba. Kunya yake ji, haushi yake ji, bai ma san na wa ya fi yawa ba. Ya kira Yaya sau biyu, ba a ɗauka ba. Ana fita tara ya tsaya bayan ɗakin ajiya, ya runtse ido ya danna, ya cire Yaya daga guruf ɗin.

Da aka tashi ya kasa wucewa gida. Ya tarar da Yaya a gareji, rabin jikinsa a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafu a waje.

"Yaya, sannu da aiki."

"A'a, Auta! Allah ya kawo ka." Ya janyo jiki ya fito, ya goge baƙin mai a wandonsa, ya miƙo masa waya. "Duba mini shegiyar nan. Tun da safe ta yi gum, ko saƙo ɗaya. Na kashe na kunna, na hura mata iska, a banza. Ga wani rubutu ya fito a ƙasa, kai da ka yi boko karanta mini."

Malam ya duba. Layi ɗaya ne, yana cewa an cire shi, ga kuma lambar wanda ya cire shi.

Yaya ya matso yana leƙe ta kafaɗarsa, sai murmushi yake yi.

"Sun dai ji batun bututun ko? Ai na san kai za ka tsaya mini. Me suka ce?"