Kalar Ƙofarmu

Turi na goma sha biyu take yi lokacin da muryarsa ta taso daga kan gadon aiki.

"Ke 'yar nan, hannunki ya yi sanyi. Haka na koya miki?"

Mai haɗa maganin ta yi dariya a bayan takunkumi. Sirinji biyu ne a hannunta, an haɗa bakinsu da ɗan famfo, ɗaya da jan maganin ciwon daji, ɗaya da mai. Haka za ta yi ta turawa daga wannan zuwa wancan har su zama abu guda, sannan likita ya tura ta siririn bututun da ya bi jijiya daga cinya har hanta. In haɗin ya tsinke, magani ya bi jini ya watse, ƙarin da ya tsiro a hantar ko gezau. Ta yi wannan aiki ya fi a ƙirga, sai dai yau wanda ke kwance Baba Mai Fenti ne, maƙwabcinsu, katanga ɗaya ta raba su.

A ƙofar gidansa ta girma tana juya masa fenti da sanda. Mutumin da bai iya yabo ba! Sai ya leƙa gwangwani ya taɓe baki, ya ce ƙara. Shekara talatin shi ke shafe musu ƙofa duk ƙarshen damina, tun mahaifinta na raye. Da likita ya gaya masa maganin ba warkewa ba ne, 'yan watanni ne kawai zai saya masa, cewa ya yi to madalla, ai bana bai taɓa ƙofar nan ba, tsatsa har ta fara yi masa gwalo.

Watannin nan su ne a hannunta yanzu. Ta cika turi ashirin, ta ƙara goma don tsoro. Ya ce a nuna masa. Ta ɗaga sirinjin saitin fitila: ja ya shige cikin mai, ya koma ruwan hoda mai kauri, babu ɗigo ɗaya da ya ware. Ya daɗe yana kallo.

"Ya haɗu," ya ce. "Wannan kalar zan sa muku."

Wata huɗu ya samu. A na ukun aka fito masa da kujera bakin ƙofarsu, ya haɗa ja da fari da kansa, ya hana kowa riƙe masa buroshi. Kullum da hantsi yakan shafe faɗin tafin hannu biyu ko uku ya huta, yana mitar fentin zamani.

Ran da aka kai shi makwancinsa, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofar, kewarsa ta cika mata ƙirji. Daga ƙasa ruwan hoda ne sumul, har daidai inda hannun mutumin da ke zaune zai kai. Daga nan zuwa sama, tsohon shuɗin bara ne.