Askin Direba

Shekara talatin da ɗaya mai askin ya yi yana tsaye bayan kujera ɗaya, gaban madubin da gefensa ya tsage. Bana ƙugunsa ya ƙi. Da hantsi ciwon kan fara kamar an ɗaure shi da igiya, kafin yamma ya gangaro har cinya. In almakashi ya faɗi, sai ya roƙi wanda yake yi wa aski ya ɗauko masa.

'Yarsa ma'aikaciyar jinya ta kawo masa guntun katako.

"Baba, ka riƙa ɗora ƙafa ɗaya a kai, in ta gaji ka sauya. In ka aske mutum biyu, ka ɗan zauna. Da safe ka kwanta rigingine, ka jawo gwiwoyinka zuwa ƙirji, sannan a gasa wurin da ruwan ɗumi."

Ya bi maganarta, ya kuwa ji dama-dama. Zaman ne kawai ya ƙi. "Mutane su shigo su tarar da ni a zaune, su ce na tsufa?"

Ranar Laraba matar wani direba ta aiko. Direban abokinsa ne tun suna samari, ba wanda ya taɓa sa masa aska sai shi. Wata biyu ke nan yana kwance, ya ce a kira masa mutuminsa.

Mai askin ya tarar da shi a katifa a ƙasa, ya rame har wuya. Ya sunkuya zai fara, ciwon ya soke shi, ya dafa bango. Dole ya zauna bakin katifar, ya ɗora kan abokin a cinyarsa.

"Ashe kana iya zama," in ji direban, murya can ƙasa. "Ni zama ya kashe mini baya, kai tsayuwa. Da mun sani da mun riƙa musanya."

Suka yi dariya, ta direban ta koma tari. Mai askin ya jira ya lafa, ya ci gaba a hankali. Askin minti goma ya kai shi awa guda, don bai so ya gama.

Kwana biyu bayan nan direban ya rasu. Da aka ɗauko shi, mai askin ya sa kafaɗa zai kama, ƙugun ya hana. Aka janye shi gefe cikin lallashi. Ya bi su a baya, hannu a kwankwaso, yana tsayawa yana tafiya. Kafin ya isa maƙabarta, har an fara zuba ƙasa.