Garma Ba Shanu

Tun ranar da motar rake ta kife da Awaisu a hanyar Danja, bango yake kallo. Ƙafafun sun tafi, wannan likitocin Malumfashi sun faɗa ba ɓoye-ɓoye. To, bakin fa? Saurayin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu ko ruwa ba ya buɗe baki ya nema. Uwarsa Hansai ta kai tuwo, ta ɗauko tuwo.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ce a samo masa abin da zai ɗauke masa hankali, Hansai kuwa ta tuna kafin haɗarin ba shi da wurin zuwa sai shagon gem, inda samari ke wasa a talabijin. Shi ya sa mahaifinsa, Malam Buba, ya nufi kasuwar Funtua. Wajen wani mai gwanjo ya ga akwatin wasan. Ya taya shi yadda yake taya bijimi: aka ce albarka, ya juya zai tafi, aka kira shi. Ya dawo gida yana ta washe baki.

Talha, abokin Awaisu, ya jujjuya akwatin, ya leƙa leda.

"Baba, ina hannun?"

"Wane hannu kuma?"

"Allon da ake riƙewa, mai gilashi kamar babbar waya. Wannan samfurin ba ya motsi sai da shi. Shi ne ma amfaninsa ga Awaisu, yana kwance zai yi wasansa ba sai da talabijin ba."

Hansai ta riƙe haɓa. "Malam, ashe garma ka sayo ba shanu."

Araha dai ba ta ado. Malam Buba ya koma Funtua, ya bi shago-shago har ya samu allon guda ɗaya tak wajen Ɗanasabe mai gyaran waya. Da aka faɗa masa kuɗin sai da ya nemi benci, don ya ninka na akwatin. Masarar bara kuwa asibiti ya riga ya cinye ta.

"Haba, ɗan nan! Abin da bai kai faranti nauyi ba?"

"Baba, an daina ƙera shi. Akwatin ba ya lalacewa, allon ne ke faɗuwa ya fashe. Kai manomi ne. Wa ke neman shanun huɗa da rani? Washegarin ruwan shuka fa?"

An taɓa Malam Buba a inda ya sani. Sai ya ce, "Nawa shanun ma layi ake bi."

Ɗanasabe ya ajiye abin da ke hannunsa. Ashe yana da gona wajen Tsiga, kuma kullum shi ne kurar baya, don masu shanu sai sun gama tasu suke waiwayarsa.

"Ka ba ni ruwan farko, Baba. Tawa kafin taka."

Malam Buba ya san abin da ake nema a wurinsa. Danshin farko ba ya jiran kowa, wanda ya rasa shi sai ya zuba wa sama ido. Ya tuna ƙeyar ɗansa. Ya ce, "Na yarda."

Ɗanasabe ya naɗe allon a tsumma ya miƙa masa.

"Ai ruwan bai zo ba tukuna."

"Zai zo. Kai ma za ka zo."

Aka jona akwatin a 'yar solar gidan, aka ajiye allon kusa da matashin Awaisu. Ko kallo bai ishe shi ba. Kwanaki suka shuɗe, ƙura ta fara hawa gilashin.

Sai ga ruwa, mai yawa kuwa. Da sassafe Malam Buba ya kora shanunsa ya wuce ta bakin gonarsa, ƙasa jiƙe sai ƙamshi take, maƙwabta na yi masa tsiya wai ko ya manta hanya ne. Kafin ya gama ta Ɗanasabe, tasa ta sha iska. Ya dawo da la'asar, taɓo har gwiwa, ransa a ɓace, yana ganin ya sayar da damina kan gilashi.

A tsakar gida ya tarar da Hansai tsaye da muciya a hannu, ta ɗora yatsa a leɓe. Wani ɗan kiɗa ne ke fitowa daga ɗakin Awaisu, da muryar Talha yana cewa, "Dama! Dama, kai!"

Malam Buba ya ɗaga labule. Awaisu na rigingine, allon bisa ƙirjinsa, manyan yatsunsa sai kai-komo suke. Rana ta faɗo kan gilashin.

"Baba, saki labulen mana, haske na kashe mini allo!"

Ya saki. Ya daɗe tsaye a wurin, yana jin godiyar da bai san inda zai sa ta ba. Hansai na share ido da gefen zane.

"Hansai," ya ce a hankali, "yaron nan Ɗanasabe araha ya yi mini."