Kalma Ɗari da Ɗaya

Malama ta yi ritaya daga koyarwa shekara uku ke nan, amma jan bironta bai yi ritaya ba. Yana nan cikin jakarta, tare da tabarau da maganin hawan jini. Katin gayyata ba ya shigowa gidanta ya kwana lafiya, kai, ko takardar da ke cikin kwalin magani sai ta sha gyara. Shi ya sa da wani tsohon ɗalibinta, wanda yanzu yake da shafin marubuta a intanet, ya zo neman alƙalan gasa, bai sha wahalar lallashinta ba. Tun bai gama bayani ba ta fara laluben jaka.

Gasar ta gajerun labarai ce, gajeru ƙwarai: kada labari ya wuce kalma ɗari. Ana ɓoye sunan marubuci, a ba labarinsa lamba. Masu karatu su kaɗa ƙuri'a a shafin, wannan rabin maki ke nan, sauran rabin kuma yana hannun alƙalai uku: Malama, da wata likitar haƙori mai son karatu, da shi Mai Shafin.

Akwatin da ake tura labari a ciki yana da wayo, in ka wuce ɗari sai ya ƙi karɓa. Amma masu rubutu sun fi shi wayo. Mutum zai ga ya kai ɗari da biyu, sai ya manne “ya ce” ta koma “yace”, ya manne “zai zo” ta koma “zaizo”, akwatin ya buɗe masa baki. Malama ta ce ita ba za a yi wannan da ita ba. Na'ura, in ji ta, tazara take ƙirgawa, ba kalma ba. Da hannunta ta ƙara doka ta bakwai: za a ƙirga labari ne bayan an raba abin da ya kamata a raba. Da wannan doka ta riga ta fitar da lamba huɗu da lamba goma sha tara. Mai lamba goma sha tara har ya rubuto dogon ƙorafi, shi ma Malama ta gyara shi kafin ta amsa.

Ranar ƙarshe ta zo. Da hantsi, bayan an kwashe kofunan shayi, ta baza sauran takardun a kan teburin falo. Mai Shafin ne yake buga mata su, don idonta ba ya shiri da waya. Daga shagon da ke jikin gidan ana jiyo keken ɗinki yana gudu yana tsayawa, yana gudu yana tsayawa. Mijinta ne, tela, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya ce kalma ashirin a wuni to an yi baƙi. Shekara talatin da huɗu tana jin wannan ƙara, har ta daina jin ta.

Labaran dai ga su nan. Wani ya kashe mutum uku a cikin kalma tamanin. Wata ta yi mafarki, ta farka, labari ya ƙare. Malama tana ba da maki tana tsaki a hankali, har ta iso lamba talatin da ɗaya, wanda Mai Shafin ya rubuta a samansa cewa shi ne kan gaba a ƙuri'ar masu karatu. Ta gyara tabarau.

“Wani tela ya rubuta wa wata yarinya wasiƙa. Kwana uku ya yi yana rubutawa. Ta dawo masa da ita duk jan biro. A ƙasa ta rubuta: sake rubutawa. Kunya ta hana shi. Ya ninke wasiƙar huɗu, ya tokare ƙafar kekensa da ke rawa. Keken ya daidaita. Sun yi aure, sun haifi uku, sun aurar da biyu. Duk rigar da ya ɗinka mata, akan wasiƙar ya ɗinka ta. Yanzu sai ya lalubi kafar allura sau biyar kafin zare ya shiga. Ya ga gara ya sake rubutawa kafin ido ya tafi. Malama, ga shi na sake. A yi haƙuri, na yi latti.”

Ta ajiye biron. Ta tuna wasiƙar sarai. Lokacin tana sabuwar malama, kanta na hayaƙi, shi kuma yana ɗinka wa 'yan ajinta kayan makaranta. Kuskure goma sha ɗaya ta samu a ciki, har yau tana iya lissafo su. Ta mayar masa tana dariya a ranta, tana jiran ta biyu. Ta biyu ba ta taɓa zuwa ba. Da baki ya ƙarasa neman aurenta, a tsaye, yana kallon takalminsa, kuma tun daga nan ba ta sake ganin rubutunsa ba sai awon kafaɗa da na ƙugu a littafin shago.

Yanzu ta gane dalilin da ya sa makon jiya ta riƙa ganinsa da waya a hannu, ya miƙe ta can nesa da fuska, yana dangwalawa da yatsa ɗaya. Ta ɗauka zanen riga yake dubawa.

Sai kuma idonta, wanda ba ya neman izininta, ya koma ya tsaya a tsakiyar labarin. Akan wasiƙar. A haɗe.

Wannan kalma ita ce abin da ta fi yi wa ɗalibai faɗa a kai duk tsawon aikinta. In a haɗe ce, al'ada take nufi: akan yi ruwa da yamma. In kuwa abu ne a bisa abu, to kalma biyu ce: a kan tebur. Ta ɗauki fensir ta ƙirga labarin. Ɗari cif, yadda yake. Ta raba kalmar a zuciyarta, ta sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama, ko Allah zai sa ta ɓace a hanya. Ba ta ɓace ba. Ɗari da ɗaya.

Ta tashi ta leƙa shagon ta ƙofar ciki. Yana duƙe, tef a wuya, allura biyu a soke a gaban rigarsa, yana bin bakin wani wando. Ta kai idonta ƙasa. A ƙarƙashin ƙafar keken ta hagu akwai wata takarda a ninke, ta yi baƙi da man keke da ƙura. Sau dubu nawa ta share wurin nan, tana kewaye ta da tsintsiya?

“Malama, lafiya?” ya ce, bai ɗago ba.

“Almakashi nake nema.”

Ya miƙo mata. Ta karɓa ta koma falo, ta zauna da almakashi a cinya.

Wayarta ta yi ƙara. Likitar ce a zauren alƙalai, ta rubuto cewa lamba talatin da ɗaya ya sa ta hawaye tsakanin majinyaci da majinyaci, ta ba shi tara da rabi. Mai Shafin ya ba shi tara. Babu wanda ya lura da kalmar. Su biyun ba za su taɓa lura ba, don Mai Shafin kansa, duk faɗan da ya sha a aji, a haɗe yake rubuta ta har gobe.

Malama ta sake kallon takardar. In ta bar shi, zai ci gasar, a buga sunansa, mutumin da ta kashe wa bakin alƙalami tun yana saurayi. In ta raba kalmar, ta sake yi masa jan biro ke nan, wannan karon a gaban jama'a, kuma ta san halinsa: zai yi murmushi, ya ninke abin huɗu, ba zai ƙara rubuta komai ba har abada. Tsoron wannan ne ya kama ta sosai. Amma ga takardar lamba huɗu a gefen tebur, da ta goma sha tara, kowace da zanen hannunta a kai. Wa ya sani ko su ma akwai wanda suka rubuta dominsa?

Ta daɗe. Har ta ɗora ruwan zafi ta manta abin da za ta yi da shi. Daga ƙarshe ta ɗauki waya, ta rubuta da yatsa ɗaya, kamar yadda shi ma ya yi. Ta ce abu biyu ne. Na farko, ta gane mai lamba talatin da ɗaya, na gida ne, don haka ba za ta ba shi maki ba. Na biyu, a duba kalma ta sittin da uku.

Ba a yi minti biyu ba Mai Shafin ya kira.

“Haba Malama! Kalma ɗaya fa. Ba ma kalma ba, tazara ce. Mu bar shi ya wuce, wa zai sani?”

“Lamba huɗu ma tazara ce,” ta ce.

“Amma wannan ya fi su duka, ke ma kin sani.”

“Na sani. Ya fi su nesa ba kusa ba. Ka cire shi, ɗana. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka sa a shafi sai bayan awa ɗaya.”

Ta cire tabarau ta goge, ta ɗauki takardar dokokin gasar, ta nufi shago. Ya gama wandon, yana ƙoƙarin zura zare. Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki ta ƙirga masa a zuci. A karo na huɗu ya shiga.

“Malam, an cire lamba talatin da ɗaya,” ta ce. “Ni na sa aka cire.”

Ya ja zaren, ya gutsure bakinsa da haƙori.

“Nawa ya kai?”

“Ɗari da ɗaya.”

“A kan,” ya ce, ya raba ta sosai, kamar ɗan aji uku.

Ta zuba masa ido.

“Ka sani?”

“Shekara nawa kina yi wa yaranmu faɗa a kanta ina zaune? Ko keken nan ya iya. A rabe na rubuta, akwatin ya ƙi karɓa. Na yi kwana biyu ina neman wadda zan cire, kowace na taɓa sai in ga ina so ki ji ta.” Ya ɗaga kafaɗa. “Sai na ce bari in haɗe, in ya je wurin Malama ta raba.”

Dariya ta taso mata.

“Da ka ci fa. Kai ne kan gaba.”

“Ni ba su na rubuta wa ba.”

Wata mota ta wuce a titi, labulen ƙofar ya motsa. Malama ta murza takardar da ke hannunta.

“Malam, sake rubutawar nan da na ce,” ta ce a hankali, “ba don kuskuren ba ne. So nake in sami ta biyu. Wata shida na yi ina jira.”

Ya ɗago ya dube ta, a karon farko tun shigowarta. Kalmominsa na yau sun ƙare, ga alama.

“Ba ni ita,” ta ce, ta nuna ƙafar keken.

“Zai yi rawa.”

Ta ninke takardar dokokin gasar huɗu, ta durƙusa da kyar, gwiwa na ƙara. Ya ɗaga mata gefen keken, ta zaro tsohuwar, ta cusa sabuwar. Ya girgiza keken ya gwada, bai motsa ba.

Ta koma benci ta buɗe wasiƙar a hankali, don ninkin ya kusa rabewa. Jan biron ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, amma duk suna nan, goma sha ɗaya, kuma na farkonsu shi ne wannan kalmar dai. Sai a lokacin ta gane wani abu da ya sa kunya ta rufe ta. Duk shekarun nan tana iya lissafo kuskuren ɗaya bayan ɗaya, amma da za a tambaye ta abin da wasiƙar ta ce, ba ta da amsa.

Ta gyara tabarau, ta fara daga layin farko. Shi kuma ya sa ƙafa a kan feda, bai taka ba. Can ya yi gyaran murya.

“Akwai sauran gyara ne?”

“Yi shiru, Malam,” ta ce. “Karatu nake.”